Kabejin Ranar Suna

Jihar Taraba tana sabuwa aka mayar da mijina aiki Jalingo, muka kama haya a Nukkai. A nan 'yata ta fari ta kwanta da amai da gudawa bayan mun ci kazar Sallah, har sai da aka yi mata ƙarin ruwa. Maƙwabciyarmu, wata nas 'yar Mumuye, ta zo dubiya, ta tambayi yadda na gyara kazar. Na ce na wanke ta tas da lemun tsami.

"Wanki ba ya cire shi, Maman yara," ta ce da Hausarta ta Jalingo. "Ƙwayar cuta yana shiga ramin gashi, ya manne a fata kamar kaska. Ruwa sai dai ya watsa shi kan wuƙa da tire. Wuta kawai ke kashe shi."

Daga ranar na ware wa kaza wuƙarta da tirenta.

Da na haifi na biyu, yayar mijina ce ta karɓi girkin suna. Ina ɗaki ina jego na hango ta ta taga: ta yayyanka kajin da aka sayo a kasuwa, ta ɗauraye tiren da ruwa, ta hau yanka kabejin salak a kai. Na ɗaura zani na fito.

"Yaya, wannan kabejin ba za a kai wa baƙi ɗanye ba."

Ba ta ko ɗago kai ba. "Tun ba a haife ki ba nake fige kaza. Koma ɗaki."

Matan da ke tsakar gida suka zubo mana ido. Na sunkuya na ɗauki tiren daga gabanta, na juye kabejin duka cikin tukunyar miyar da ke tafasa. Ranar shinkafa ta fita ba salak.

Da baƙi suka watse mijina ya ce in ba ta haƙuri. Na je na durƙusa, na gode mata da wahalar da ta sha, na ce ta yafe mini ɗaukar abu a gabanta. Ta jira in ce na yi kuskure. Ban ce ba.

Washegari ta koma gidanta ba sallama. Ita ta laƙaba mini likitar kaji, sunan ya bi dangi. Duk wanda ya kira ni da shi, amsawa nake yi.