Labaran, wakilin ango

Shekara bakwai Labaran Jumare yana ɗinkin hannu a zauren gidansu da ke Ƙofar Galadima, bai taɓa gama wuyan riga a zama ɗaya ba. Yana soka allura mahaifinsa zai yi gyaran murya daga ciki, sai ya ajiye ya tashi. Malam Jumare ya samu shanyewar ɓarin jiki, kuma Labaran ne mai juya shi, mai yi masa wanka, mai zubar da fo. Idan zai je kasuwa sayo zare, mu maƙwabta muke karɓarsa, yau ni, gobe Liman, jibi mai shayi.

Yana da wa, Alhaji Muhsin, darakta a Abuja. Shi wannan sau ɗaya yake zuwa a shekara, ya tsaya daga bakin ƙofa da hankici a hanci ya ce, "Baba, ya jiki?" Wallahi duk ranar da na ga hankicin nan sai abinci ya fita raina.

Bana Suhail ɗan Alhaji ya nemi aure a Gyallesu, iyayen yarinya suka ce za su zo bincike gidan asali. Sai ga Alhaji da masu fenti da kwalaben turare. Ya ce a mayar da tsoho ɗakin baya, Labaran kuma ya ɗan kauce ranar, wai jikinsa warin magani yake. Labaran ya ce, "To, Yaya." Ni na ji haushin a madadinsa.

Ashe masu binciken sun riga shi. Tun kwana uku kafin fentin suka zauna da Liman, suka sha shayi a bakin layi, kowa ya faɗa musu abin da ya sani. Saƙon da suka aiko gajere ne: sun ba da 'yarsu saboda gidan da ake riƙe tsoho haka, amma ba wanda za su damƙa wa aurenta sai Labaran. Alhaji da ya riga ya yi wa wani babban abokinsa alkawarin wakilci, haka ya haɗiye. A banza ya ci albarkacin ƙanen da ya so ɓoyewa.

Ɗaurin aure ya kama sha ɗaya na safiyar Asabar. Labaran ya ce, "Yaya, lokacin wankan Baba ke nan. Sai an samu mai zama."

Alhaji ya zagaya mu ɗaya bayan ɗaya. Liman ya ce, "Ayya Alhaji, an gayyace ni Gyallesu." Mai shayi ya ce shi ma haka. Ni ko dalili ban ba shi ba.

Da ranar ta zo, Labaran ya saka rigar da ya ɗinka wa kansa tun kafin ciwon Malam, karinta bai ma baje ba. Muka cika mota biyu. Na koma ɗauko hulata da na manta a gidansu, sai na tarar da Alhaji a tsakar gida, ya naɗe hannun shadda, fo a hannu, ba hannun riƙe hankici.

Ya dube ni ya ce, "Malam, don Allah ina ake zubarwa?"

A gidan aka yanke masa cibi. Na nuna masa da baki na wuce.