Fasinjojin Ƙarya a Motar Yana

Babu kalmar da muke wahalarwa a Azare kamar "lokaci". Tela ya riƙe maka yadi wata biyu, ya ce bai samu lokaci ba. Wani ya wayi gari da dukiya ba a san sana'arsa ba, a ce lokacinsa ne. Dattijo in zai ci maka mutunci, da "a lokacinmu" yake farawa. Da can dariya duk wannan yake ba ni. Tun ranar da na tafi duba goggona a Yana na daina dariyar, yanzu ƙyamar kalmar nake ji.

Goggo ce ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyata. Wata safiya babban ɗanta ya kira ni a waya, ya ce jikinta ya yi tsanani, kuma tun asuba ni take ta nema. Na rufe shago ko sharar gabansa ban ƙarasa ba, na nufi tasha.

A bakin tasha wani ɗan acaɓa ya ce ya kai ni har Yana. Na hango bas ɗin Yana ta cika da mutane, sai na ce masa ya bari. Ɗan kamasho ya tarbe ni da fara'a: "Malam, ka zo a kan lokaci! Saura mutum biyu mu tashi."

Na shiga na zauna. Can wata mata ta zo da buhunta ta shiga, sai wani mutum da ke gabana ya ce bari ya kama ruwa, ya fita. Bai dawo ba. Wani fasinja ya zo, wani kuma ya sauka wai zai sayi goro. Ɗan kamasho yana ta ihunsa, har yanzu saura mutum biyu.

Kusa da ni akwai wata 'yar kasuwa 'yar kudu mai sayar da robobi, ta daɗe a Azare. Ta ga ina ta duba agogo, ta ce, "Malam, kai baƙo ne a tashar nan? Dubi ƙafafun mutanen nan da ke zaune, akwai mai kaya? Zaunar da su ake yi don a ga mota ta cika. Mu na gaske ba mu fi biyar ba."

Na duba. Magidanta ne da gemunsu da hulunansu, wani har da carbi yana ja. Ƙato ya baro gidansa da safe, aikinsa ke nan ya ɗumama kujera ya yaudari bayin Allah. 

Na yunƙura zan sauka, sai direba ya yi wuf ya tayar da mota. "Haba Alhaji, kada ka ɓata mana lokaci, ga shi ma mun tashi!" Na koma na zauna. Ya ɗan matsa gaba kamar taku biyar, ya kashe. Sau uku yana yi mini haka, sau uku ina komawa kamar rago. Wannan wautar tawa ce, ba na ɗora wa kowa. Ɗan goggo ya kira ni sau biyu, ina ce masa yanzu za mu taso. Daga nan bai sake kira ba.

Tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, sai gab da la'asar na sauka. Na tarar da tabarmi a ƙofar gida, mutane suna dawowa daga maƙabarta. Duk wanda ya ba ni hannu sai ya ce, "Sai haƙuri, lokaci ne." Na yarda, ajali ba ya jiran kowa, kuma da na zo da wuri ba zan ƙara mata numfashi ɗaya ba. Amma ba ajali ne ya zaunar da ni a tasha tun hantsi ba.

Da aka watse na tambayi ɗanta ko ta bar mini wata magana. Ya ce, "Ta sa an ɗaga labulen ɗaki don ta ga shigowarka. Da muka ce kana hanya, sai ta ce, 'To, ai Azare kusa ce.'"