Injin lissafin da ya cinye mana garka

Ranar da anka yi zaman nan kan maganar garkarmu ta albasa a tsakar gidanmu, akwai maigidana, da ƙanensa, da surukata goye da jinjiri, da maƙwabciyarmu Kirista mai aikin jinya a asibitin mishan, sai ɗana na fari da ni. Lokacin ni mace ce da ko kaza ba ta shiga gidana ban gani ba. Ban yi lakkal ba, wato makarantar boko, amma ina taƙama da idona. To idon nan ne anka rufe mini da wani abu da bai kai tafin hannu ba.

Ɗana ya dawo daga bidar kuɗi a Abija da wani ɗan inji mai maɓallai, shina ƙara ƙit-ƙit. Na taɓa ganin irinsa hannun masu sayen albasa a kasuwar Tamaske, sai na ɗauka na lissafi ne. Shi ko bai gyara mini ba. Ni da bakina na riƙa korar mutane, ina cewa a bar shi, aiki yake. Matarsa ta zo mini da kuka cewa ko ta aje tuwo ba ya ɗaga kai, na ce mata ba ta san darajar mai ilimi ba. Pil ɗin rediyon ubansa, wato batura, sunka ɓace, na daki jikoki. Duk wannan lokaci dashen albasar da ubansa ya damƙa masa na can na ƙonewa, don sai rana ta take yake tuna ban ruwa.

A zaman nan ƙanen maigida ya karɓi injin ya nuna mini. Ashe wasu ƴan tubala ne ke faɗowa daga sama, mutum na jera su, in layi ya cika ya ɓace, wasu su sake faɗowa. Ginin da ba ya ƙarewa, kuma ba mai kwana ciki! Na tambayi ɗana ko wannan ne lissafin, ya sunkuyar da kai ya ce ko a salla tubalan yake gani suna sauka. Da na ji haka na ce iskokin gidan kakanninmu ne, a nemo ƴan bori masu girka.

Maƙwabciyar ce ta tare ni. Ta ce ba iska ba ne, ƙwaƙwalwa ce ta saba. Duk layin da ya ɓace tana jin ɗan daɗi nan take, sai ta nemi wani, har abin da daɗinsa ke jinkiri, kamar albasa mai wata huɗu a ƙasa, ya daina burge ta. Ta ce in tuna yadda nake faɗa da kowa ranar da goro ya yanke mini. Na ji haushin maganar, don gaskiya ce. Ta ƙara da cewa fasa injin kaɗai ba ya isa, sai an ba hannun nan wani aiki.

Na roƙi maigida ya yi wa yaron afuwa, bai saurari roƙona ba. Ya ce garka ta koma hannun ɗan ƙanensa, kuma ba ta dawo ba har yau. Abin da ya fi ƙona mini rai, ni na yi gadin ɓarnar. Iyaye mata, in kun ga abin da ba ku sani ba a hannun ɗanku, kada kunyar rashin karatu ta hana ku cewa a nuna muku. Ku tambayi matarsa, ita ta fara gani.

Da gari ya waye na zare pil ɗin na ƙulle a bakin zanena, na tasa ƙaton nan gaba har garkar. Na ce wa ɗan'uwansa ga ɗan ƙwadago na kawo masa. Na zauna bakin rijiya, ban tashi ba sai da fangali na ƙarshe ya sha ruwa.