Farar Jallabiya a Tashar Ɗanɗa

Dakta Samiha na jiran jirgin ƙasa na Alƙahira a tashar garin Ɗanɗa sai ga wani mutum ya ratso taro, jallabiyarsa fara sol ta sha guga, ƙamshin turarensa ya riga shi isowa. Kowa na matsa masa, har mai duba tikiti.

Ita kuwa aikinta leƙen ƙwayoyin cuta ne a madubin likita, ta san irin wannan shigar. Ƙwayar da ke kwantar da jarirai da ciwon haƙarƙari ita ma riga gare ta mai santsi. Dakarun jiki su kai mata cafka, ta sulluɓe. In tsirara take, ba ta cika kisa ba.

Mutumin yana tari a tafin hannu, ya mayar da hannun kan carbi. Da gani, a ƙauyensu ba a taɓa ce masa kul ba, kuma matarsa ce ke kwana guga.

Wata mai jego ta miƙa masa jinjirinta. "Ya Hajji, a sa masa albarka."

Ya yaye mayafin, ya tofa addu'a a fuskar yaron, ya sumbaci ɗan bakin.

"Hajji, tari fa kake," in ji Samiha.

"Ƙurar hanya ce, 'yata. Ke ba ki haihu ba ko?"

Uwar ta galla mata harara, ta ƙanƙame ɗanta kamar Samiha ce cutar. Shi kuwa ya goge hannunsa a mayafin jinjirin, kada ya ɓata jallabiya.