Odette Michaud, Mai Ɗebo Ɗumi Daga Cikin Sanyi

Duk wanda ya bi ta ƙofar gidan Odette Michaud da ƙarfe shida da rabi na safe, zai tarar da a-kori-kurarta a kunne, ita kuma tana tsaye a baya tana taɓa kayan aikinta ɗaya bayan ɗaya. Ta ce ta daina yarda da ƙwaƙwalwarta tun ranar da ta yi mil arba'in zuwa Allagash ta tarar ta baro injin huda bango a gida. Baƙin kofi a fulas, wainar gargajiyarmu da ake kira ploye guda biyu a naɗe cikin takarda, shi ke nan guzurinta har yamma.

In ta isa gidan da za ta yi aiki, ba ta farawa da sauke kaya. Sai ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ta bi ɗaki-ɗaki tana tambaya. A ina kuke zama in an gama cin abinci? Wane ɗaki ne ya fi ɗari? Wa ke fama da ƙirji a gidan nan? Sai ta ji duk wannan kafin ta nuna inda za a rataya injin ɗumama gida.

Shekararta sittin da huɗu. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, don kafaɗarta ta dama ta daina ɗaguwa sama da kai. Shi ya sa na ga ya kamata a faɗi wasu abubuwa tun tana ji da kunnenta.

Mu nan kwarin kogin Saint John, a ƙuryar arewacin jihar Maine ta Amurka, da mai muka tashi muna ɗumama gidajenmu. Mahaifin Odette shi ke raba man gida-gida. Da ya rasu, yayanta Norbert ya gaji motocin tankar man, ita kuma ta kama gyaran murhun mai na ɗumama gida. Shekara ashirin da shida tana shiga ɗakunan ƙarƙashin gidajenmu, ta fito fuska duk baƙin hayaƙi. Sunansu biyu ne a jikin ƙofar shago ɗaya.

Abin da ya juya mata tunani, kamar yadda ta taɓa ba ni labari, wani gida ne da ta je duba murhu a watan Janairu. Ta tarar da mata da miji, tsofaffi, zaune a falo cikin rigunan sanyi da safar hannu. Ta duba murhun, lafiyarsa ƙalau. Kashe shi suka yi don man ya kai su bazara. Ga kuma kogin da a yarintarta yake daskarewa tun Disamba, yanzu sai ya ga dama. Ta san hayaƙin da take gyara wa hanya yana da hannu a ciki. Tana da shekara hamsin ta koma aji a Presque Isle, ta koyi kafa injin janyo ɗumi mai aiki da lantarki.

Dariyar da aka yi mata ba kaɗan ba ce. A gidan cin abincin da manoman dankali ke taruwa ranar Asabar da safe, Fernand Daigle ne ya fara.

"Odette, wai da gaske iskar waje za ki dinga sayar mana? Iskar nan da ke yanke kunne?"

"Fernand, ka taɓa sa hannu a bayan firijinka?"

"Ni abin da ke cikinsa ne ya dame ni."

"Ai tumbinka ya ba da shaida." Aka tuntsire. Ta bari dariyar ta lafa sannan ta ce, "Bayansa da ɗumi. Ɗumin da ya zaro ne daga ciki. To wannan injin firiji ne da aka juya. Ko a iskar da kake ce wa sanyi akwai ɗan ɗumi a ɓoye, shi yake tsinto shi ya shigo maka da shi ɗaki. Ba wuta, ba hayaƙi."

"In ya yi aiki a Fabrairu, ki zo ki gaya mini," in ji Fernand.

Ba'ar Fernand ba ta yi mata ciwo ba. Maganar Norbert ce ta yi. Ya same ta a shago tana kwance kwali, ya tsaya a kanta.

"Kin san kowane ɗaya kika kafa, gida ɗaya kika cire daga hanyar da nake bi ina raba mai?"

"Yaya, mutane suna zama cikin ɗari."

"Da man nan Baba ya ciyar da ke, ya sa ki makaranta. Yau shi ne abin ƙyama?"

"Ban ce abin ƙyama ba ne."

"Ki kankare sunana daga ƙofar nan, ko in kankare naki."

Nata aka kankare. Shekara biyu ba sa magana. A coci shi yana dama, ita tana hagu, kowa a garin na gani.

A hunturu na uku ne abin ya faru. Akwai wata tsohuwa, Aurore Thibodeau, da kowa ke ce wa Memer, wato Kaka. Shekararta tamanin da uku, ita kaɗai a gidanta na kan tudu. Murhunta ya tsage, Odette ta cire shi gaba ɗaya ta kafa mata sabon inji. Rabin injin da ke zama a waje ya kamata a ɗaga shi sama a gefen gidan, amma nan Memer ke da furanninta, ta ce ba ta son ƙarfe a kansu. Ta nuna bayan gida, ƙarƙashin bakin rufin kwano. Odette ta ɗaga kai ta kalli rufin, zuciyarta ba ta kwanta ba, amma ta ji nauyin yi wa tsohuwa gardama. Ta kafa shi a nan.

Wata rana a Fabrairu rana ta ɗan yi zafi, dusar ƙanƙarar da ta taru a rufin ta sulmiyo gaba ɗaya ta binne injin, ta lanƙwasa fankarsa. Washegari sanyi ya sauka zuwa ashirin da takwas ƙasa da sifiri. Memer tana da waya a kusa da ita, amma ba ta kira kowa ba. Daga baya ta ce ta san in labari ya fita, yarinyar nan Odette za a yi wa dariya, ita kuma gani take injin zai farfaɗo da kansa.

Norbert ne ya same ta. Ta daina sayen mai a wurinsa, amma shekara talatin yana tsayawa a ƙofar nan, ƙafarsa ta saba taka burki in ya zo wurin. Da hantsi ya ga tulin ƙanƙara a bayan gidan, ya ga tagogi sun yi fari da ƙanƙara ta ciki. Ya buga ƙofa, shiru. Ya sa kafaɗa ya ɓalle ta. Ya tarar da ita a kicin cikin riguna biyu, ta buɗe tandar gasa burodi tana zaune a gabanta, leɓunanta sun yi shuɗi, magana ba ta fita daidai. Ya sungume ta ya kai ta gaban tankarsa, ya ƙure ɗumin mota, ya kira motar asibiti. Sannan ya danna lambar da ya yi shekara biyu bai danna ba.

"Odette. Ki zo gidan Memer. Yanzu."

Ko da ta iso an tafi da tsohuwar. Ta zagaya bayan gida, ta ga abin da ya faru, ta durƙusa ta fara tonon ƙanƙarar da hannu. Norbert ya tsaya yana kallonta. Duk maganar da ya tanada ta shekara biyu, wannan ce ranarta. Amma sai ya juya. Ya koma mota ya ɗauko shebur biyu, ya miƙa mata ɗaya.

Memer ta rayu, amma ta rasa 'yan yatsun ƙafa biyu. Odette ta je asibiti ta zauna a gefen gado, ta kasa ɗaga ido.

"'Yar nan, daina wannan fuskar," in ji Memer. "Ai ni na ce ki sa shi a can."

"Memer, ke furanni kika sani, ni na san rufin kwano. Aikina ne in ce miki a'a, na kasa."

"To yanzu kin iya. Yaushe za ki mayar mini da injina?"

"Har yanzu kina son sa?"

"Shekara sittin ina shaƙar warin mai a labulena. Wata huɗun nan ne na san ƙamshin gidana. Ki ɗora shi kan furannin, sa yi haƙuri."

Ranar Asabar Odette ta shiga gidan cin abincin nan. Labari ya riga ta, ana ta cewa dama an faɗa, injin ba ya jure sanyinmu. Ba ta zauna ba.

"Ba injin ba ne," ta ce. "Ba kuma Memer ba ce. Ni ce. Na kafa shi inda na san bai dace ba, na kuma cire mata murhu ban bar mata madogara ba. Duk wanda na yi wa aiki ya saurare ni, ina tafe."

Fernand Daigle ya jawo kujerar da ke kusa da shi ya ce, "Zauna ki sha kofi, kin tsaya mana a kai kamar limamin coci."

Mako uku ta yi tana bin gidaje talatin da bakwai cikin wannan ɗarin. Injuna tara ta sauya musu wuri, sauran ta ɗaga su ta yi musu 'yar rumfa. Tun daga lokacin ba ta ƙara barin gida da hanyar ɗumi guda ɗaya ba. Memer ta ƙara shekara shida a gidanta. Da lokacin kaka na shekarar da abin ya faru ya zo, Fernand ya sa aka kafa masa inji biyu.

Norbert bai taɓa cewa a yi haƙuri ba, ita ma haka. Wata safiya dai ya ajiye mata ƙafafun ƙarfe huɗu na ɗora inji da ya yi wa walda da hannunsa, ya ce, "Naki na kanti ba za su kai shekara biyar ba. Gwada waɗannan." Har yau a kan ƙafafunsa injunanta ke tsaye. Abin da ya ji tsoro kuwa ya faru: gidajen da yake kai wa mai suka ragu, ya sayar da tanka ɗaya cikin biyu. Odette ba ta taɓa yin kamar ba ta san da hakan ba, kuma ina ganin wannan nauyin za ta tafi da shi hutu tare da ciwon kafaɗar.

Odette, ke ce kika shiga gidaje sama da ɗari tara a kwarin nan, kika bar kowanne da ɗumi. Ke ce kika sa tsofaffinmu suka tuɓe safar hannu a falonsu. Hayaƙin da bai tashi daga bututun gidajenmu ba cikin shekaru goma sha huɗun nan, ba wanda zai gan shi balle ya yaba miki, don abin da bai faru ba ba ya da hoto. Amma ba don wannan kaɗai nake jinjina miki ba. Ke ce kika tsaya a gaban masu jiran faɗuwarki kika ce "ni ce", alhali ga tsohuwa ta ba ki mafita da bakinta. Maganin ɗari, 'yar Michaud, sannu da aiki.

Masu shigowa wannan sana'a yanzu suna da yawa, kuma muna murna da su. Roƙona gare su, da ma duk mai aikin hannu, su koyi tambaya kafin su huda bango, su koyi cewa a'a ko ga wanda suke jin nauyinsa, in kuma sun yi kuskure su riga kowa faɗa.

Lahadin da ta wuce an yi mata ɗan taro a zauren coci bayan sujada. Aka yi ta jawabai, tana zaune tana murza hannu kamar wadda ake yi wa shari'a. Da aka matsa mata ta ce wani abu, ta miƙe.

"Na ji, na gode. Amma in da gaske kuke, akwai wata 'yar rariya a cikin injin da ke bangonku. Sau ɗaya a wata ake wanke ta. Na san waɗanda ba sa yi, ba zan kama suna ba don muna cikin coci."

Ta zauna. Rabin zauren ya sunkuyar da kai.

Ina komawa gida na hau kujera na buɗe nawa. Abin da na gani ba zai faɗu a jarida ba. Na wanke ta, Odette. Mun gode, Allah ya ba kafaɗar nan hutu.