Mas'uda da Aladen Lambun Bukar

Duk wanda ɓera ya hana shi barci a unguwar Mamobi ta birnin Akra, ko kuɗin-cizo ya gagare shi a katifa, ba sai an yi masa kwatancen teburin Mas'uda ba. Yana nan bakin lungun masu gawayi, ƙarƙashin wata lema da rana ta cinye launinta, an jere shi da tarkuna da danƙon kama ɓera da kwalaben feshi, da ƙulle-ƙullen leda da ita kaɗai ta san na wace halitta ne. Ita kuma tana bayansa a kan benci, mace mai jiki, mai kaifin baki, da hijabi har ƙasa komai zafin rana. Ubanta, marigayi Maiturare, mutumin Maraɗi ne da ya sauka Akra da akwatin kwalaben turare a ka, ya ƙare rayuwarsa yana shafa wa mutane ƙamshi a ƙofar masallaci. Shi ya sa tsofaffin unguwa suke tsokanarta cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba, uba ya sayar da ƙamshi, 'ya tana sayar da ajali. Takan ce musu ajalin kyankyasai ne, wanda ya ji haushi sai ya duba danginsa.

Maganar dangi kuwa, nan ne gyambonta yake. Uwarta 'yar ƙabilar Ga ce, tagwaye aka haife su, Akwele da Akuoko. Akwele ta musulunta ta auri Maiturare ta koma Amama. Akuoko ta zauna a kan abin da ta gada, can tsallaken babbar gota, lambatun da ya raba unguwannin, wajen Kotobabi, inda gidansu ke gasa naman alade tun kaka da kakanni. Da ƙuruciya Mas'uda ba ta san da wani bambanci ba. Akuoko ta goya ta, ta yi mata kitso, kuma da ɗanta Tete suka yi wasan ƙasa. Ɗingishin da Tete ke yi har yau, wajen ciro mata takalminta ya samo shi, ranar da ya faɗa cikin gotar nan ya karye a ƙugu.

Yaran makarantar allo ne suka fara koya mata kunyar danginta. Da ta yi faɗa da wani sai a ce da ita jikar masu alade, a toshe hanci. Ta rage zuwa, ta daina amsa uwarta da yaren Ga a gaban mutane. Ranar da Amama ta rasu, Akuoko ta zo ta'aziyya da baƙin zane, tana kuka kamar ranta zai fita. Matan gidan suka janye tabarminsu, wata kuma ta ɗauki kofin da ta sha ruwa ta wanke da ƙasa a gaban idonta. Mas'uda tana gani, ta kawar da kai. Tun daga ranar ba ta sake taka gadar katakon da ke kan gotar ba. In zancen ya taso a ranta, sai ta ce wa kanta ai ba za ta iya kallon fuskar Akuoko ba ne, don fuskar uwarta ce sak. Rabin gaskiya ke nan, kuma ta san rabi ne.

A ƙarƙashin teburinta akwai wani gwangwanin madara da ba ta fito da shi sai ga wanda ta sani. A ciki akwai wani magani mai tsaba-tsaba, ruwan makuba, wanda asalinsa na ƙwarin gona ne, amma duk abin da ya lashe shi ba ya kai labari. Wata shekara ma'aikatan gwamnati suka shigo kasuwa da lasifika suka ce an hana sayar da irinsa a ƙulle-ƙulle, sai mai lasisi, sai a cikin mazubinsa da rubutun gargaɗi. Suka ce ba na kashe dabba ba ne, in kuma har dabba ta ci ta mutu, a haƙa rami mai zurfi a binne ta, don gubar tana nan a cikinta. Suka faɗa da Turanci, suka faɗa da yaren Twi, suka shiga motarsu, ba a sake ganin ƙeyarsu ba. Irin aikinsu ke nan, su yi wa kasuwa wa'azi rana ɗaya su ce sun sauke nauyi. Mas'uda dai ta ji kowace kalma. Ta ce doka a bakin kwalta take tsayawa, lungun Mamobi ya yi mata ƙunci, ta ƙara tura gwangwaninta ciki da ƙafa.

Cikin waɗanda ta sani akwai Malam Bukar, wani dattijo mutumin Difa, mai lambu a ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, a bakin rafin da gotar ke zuba. Kabeji yake nomawa da salak da albasa mai ganye, da su yake riƙe da iyalinsa a gida. Aladun da ke yawo a bakin rafin suka sa shi gaba. Babu wanda ya san mai su. Wasu sun ce na wani ne da ya mutu, suka watsu suka hayayyafa a cikin ciyawa da bola. Ya yi shinge sun ture, ya kai ƙara an ce ya kawo sunan mai dabba. Ranar da ya zo wurin Mas'uda idonsa ya yi ja, ya ce kwamin kabejin da ya kusa yanka sun tone shi kaf. Ta ji tausayinsa ƙwarai. Ta sunkuya ta ƙulla masa, ta ce ya cuɗa da ragowar abinci, ya wanke hannunsa da sabulu. Maganar binnewa ta zo mata har baki, sai wata mai sayen tarko ta katse ta, shi kuma ya wuce.

Kashegari da hantsi sai ga shi da fara'a, ya rungumo mata salak kyauta. Ya ce babban cikinsu, uban ɓarnar, ya same shi da safe a miƙe a bakin shinge, ko gama sanyi bai yi ba. Damuwarsa ɗaya ita ce yadda zai yi da mushen, don shi ko da sanda ba zai taɓa wannan abu ba. Yana cikin tunani sai Allah ya jefo masa wani mai kwasar bola da keken kaya mai ƙafa uku. Mutumin ya tsaya, ya tambayi wanda ya kashe, Bukar ya daki ƙirji ya ce shi ne. Ya tambaya ko yana so, Bukar ya ce Allah ya kiyaye. Shi ke nan bawan Allah ya cicciɓe shi ya jefa a keke, bai ma nemi ladan aikinsa ba, har godiya ya yi.

A wurin Bukar mataccen alade shara ne, wanda ya ɗauke shi kuwa mai shara ne. Duk tsawon rayuwarsa bai taɓa zama inda ake kallon wannan dabba a ga nama ba. Mas'uda kuwa ta taɓa zama a irin wurin. Godiyar nan ita ta tsaya mata a rai, don ba ta taɓa jin mai bola ya gode wa wanda ya ba shi mushe ba.

"Malam Bukar, ka gaya masa abin da ya kashe shi?"

"Bai tambaye ni ba, Hajiya. Ya ga fartanya a hannuna, ya gyaɗa kai."

"Yaya kamanninsa?"

"Baƙi ne kakkaura, yana ɗingishi da ƙafar hagu."

Tete ne ya faɗo mata a rai. Ta zaro waya, ta tsaya tana kallonta: sunayen 'yan sari na kasuwar Makola, na matan adashi, har na mai gyaran lema, amma babu lambar ɗan ƙanwar uwarta. Ta bar teburin a buɗe, ta tattare hijabi ta kama hanya. Mutanen lungu da ba su taɓa ganinta tana sauri ba suka bi ta da kallo, wani na tambaya ko gobara ce. Gadar katakon ma babu ita, an zuba ta kankare ba ta sani ba, sai da ta tambayi hanya a unguwar da aka goya ta.

Ƙaurin babbaka ne ya kai ta ƙofar gidan Akuoko. Tete yana tsaye gaban wani katako, ya riga ya fasa dabbar, ya jera gunduwa-gunduwa yana barbaɗa yaji, wuta na kamawa a tanda. Ba a fara gashi ba, ba a sayar wa kowa ba. Ta yi hamdala a ranta, ta afka ta dafe naman da hannu biyu, ita da ko sunan dabbar ba ta son kamawa. Yaren Ga da ta binne ya fito mata a karkace, tana haɗawa da Hausa, tana ce masa guba ce, kada ya gasa, kada ya ba ko kare. Da fari ya ɗauka wa'azi ta zo yi masa, ya ce ta cire hannunta ta koma Zangonsu na Mamobi. Sai da ta ce ita ta sayar da gubar da hannunta, ta kwatanta masa lambun da dattijon, sannan ya ajiye wuƙar. Ta ga fuskarsa ta sauya, ya juya yana kallon ƙofar cikin gida.

Kayan cikin ba sa kan katakon. Al'adarsa ce in ya samu dabba ya fara aika wa tsohuwa hanta da tumbi, don haƙoranta sun ƙare, romo kawai take iya sha. Tun da safe ya miƙa mata.

Mas'uda ta riga shi shiga. Ɗakin yana nan yadda ta san shi, da hoton tagwayen a bango suna 'yan mata. Akuoko tana zaune a kan 'yar kujera gaban kurfotin gawayi, ta tsufa ta ƙanƙance, ta ɗora kwano a cinya tana hura cokali. Fuskar Amama ce, har da yadda take karkata kai. Mas'uda ba ta yi sallama ba, ba ta gaishe ta ba. Ta kai hannu ta doke kwanon, romon ya watse a ƙasa, ta sa ƙafa ta kifar da tukunyar.

Tsohuwar ta dubi romon, ta ɗago ta dube ta, ta gane ta nan take. Ta yi magana da Hausarta ta Zango, wadda ta koya a bakin 'yar'uwarta, wadda ba ruwanta da namiji ko mace.

"Masuda, wanke kofi bai ishe ku ba? Sai ka biyo ni har ɗakina ka zubar mini da abinci?"

Mas'uda ta durƙushe a cikin romon, ta riƙe gwiwoyinta tana tambaya ko ta sha. Akuoko ta ce ɗanɗana gishiri kawai ta yi, cokali kaɗan, sai kuma 'yar hantar da ta tsotsa tun tana kan wuta. Tana faɗa gumi na tsattsafo mata a goshi, yawu ya fara zubowa ta gefen bakinta. Tete ya fita neman tasi yana jan ƙafa. Mas'uda ta kwance ɗankwalinta na ciki, ta sunkuya ta goya tsohuwar da ta taɓa goya ta, ta fito da ita har bakin titi.

Akuoko ta rayu, amma ba ta koma yadda take ba. Ta yi kwanaki ba ta san wanda ke kanta ba, da ta farfaɗo kuma hannuwanta suka riƙa rawa, ƙafafun suka ƙi ɗaukarta. Likita ya tambayi abin da ta ci, Mas'uda ta faɗa ba ta rage komai ba, ta kai musu gwangwanin da kanta. Ma'aikatan da suka yi shekaru ba su san hanyar lungun masu gawayi ba suka gano ta a yini ɗaya, suka kwashe teburin, aka yi ta kai da kawowa. Bukar da Tete suka haƙa rami a bayan lambu suka binne naman, ɗaya na haƙa ɗaya na zubawa. A Mamobi kuwa abin da ya fi yawo a bakin mata shi ne an ga Hajiya Mas'uda da jinin alade har gwiwar hannu. Ta ji, amma bakin nan mai kaifi ya mutu.

Yanzu tarko da danƙo kawai take sayarwa a kan faranti, ciniki ya ja baya. Kullum in ta tashi daga kasuwa sai ta haye gadar kankaren da kunu a kwanon sha, ta zauna bakin gadon Akuoko ta riƙa ba ta da cokali, tunda hannun ba ya kai wa baki. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, ita kuwa sai da ƙafafun tsohuwar suka mutu sannan nata suka tashi, kuma wannan yana cin ta fiye da maganar mutane. Ta sha neman gafara, tsohuwar takan kawar da zancen ta tambaye ta labarin jikoki.

Wata la'asar Mas'uda tana goge mata baki da gefen hijabinta, sai ta kasa daurewa, ta kira ta uwa da yaren Ga, ta ce, "Awo, ki ce wani abu mana. Ko zagina ne ki yi. Ni na yi miki wannan."

Akuoko ta ɗago hannunta mai rawa, ta lalubi kumatun Mas'uda ta dafa. Ba ta yi fushi ba, ba kuma wasa take yi ba.

"Da na san abin da zai kawo ka ke nan," in ji ta, "da na ci gubar tun ina da ƙarfin yi maka kitso."