Bukar Rewaya, Mutumin da Ya Amsa Sallamar Baffa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina shirin fita aka kira ni daga Kazaure, wai Bukar Rewaya ya rasu. Bukar fa! Na ce wa mai kiran ya sake faɗa. Ya ce jiya ma ya yi aiki a rumfarsa, yau da asuba ya ce ƙirjinsa, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Na zauna a bakin ƙofa na rasa abin yi. Can sai na tsinci kaina ina dariya hawaye na zuba. Duk wanda ya san Bukar zai gane.

Ga waɗanda ba su san shi ba, mai gyaran wutar mota ne, kuma gwanin sa rediyo. Shi Babarbare, ni Bafulatanin Roni, to kun san sauran. Bai taɓa kiran sunana ba. Daga nesa zai ɗaga murya, "Bafillace, yau kuma wace saniyar aka sayar?" Ni kuma in ce masa ba don nonon shanunmu ba, da ko sukudireba ba zai iya ɗagawa ba.

In fiyus ne kawai ya ƙone, zai canza ya ce ka ɓace masa da gani. Randar rumfarsa kuwa ta kowa ce, 'yan acaba ma sun sani.

Amma abin da ya ɗaure ni da shi, maganar rediyon motata ne.

Tsohuwar Golf ce, da rediyon kamfani mai cin kaset ta zo. A cikinsa akwai kaset guda da ya maƙale. Yana yi lafiya lau, amma ko ka danna har yatsa ya yi ciwo ba ya fitowa. Kuma ba kowane kaset ba ne, muryar mahaifina ce, Baffa, Allah ya jiƙansa. Tun muna yara, wata shekara da ya tafi kudu da shanu cin rani, ya ɗauki gaisuwa a kaset ya aiko gida. Ita kaɗai ce muryarsa da ta rage mana a duniya.

Duk ranar kasuwar Gwiwa nakan kai Inna, mahaifiyata. Daga mun hau titi za ta ce, "Kunna." Baffa ya gaida kowa, ya lissafo shanu da sunayensu, ita kuwa saboda kunya bai ambace ta ba, sai dai "a gaida mutanen gida." A nan Inna kan juya fuska ta kalli taga.

Ni kuma, gaskiya, na ƙosa da sabon rediyo. Abokai duk sun sa mai allo, da bulutut, da kyamarar baya, ni in waya ta shigo sai na faka. Da na yi wa Inna maganar, ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Motarka ce. Amma in zaren kaset ɗin nan ya tsinke, ka nemi wata uwar da za ka riƙa kai wa kasuwa."

Haka na je wa Bukar da sabon rediyo a kwali.

Shi yana da wata al'ada. Ba ya taɓa dashbod sai ya tambaya, "Wa kake ɗauka a motar nan?" Yakan ce rediyo ba na direba ba ne, direba hanya zai kalla. Na ba shi labarin Inna da kaset. Nan take wasa ya bar fuskarsa.

Ya ce, "To ba za mu kwance ko noti ɗaya ba sai mun kwashe muryar tukuna. In kaset ya mutu a hannuna, ina zan kai fuskata a Roni?"

Muka shiga mota da tsakar rana, ya sa aka ɗage gilasai duka don kada hayaniyar titi ta shiga. Zufa kamar an watsa mana ruwa. Ya kara wayarsa a jikin sifika, ya danna ɗauka, ya harare ni ya ce, "Bismillah. Bafillace, rufe bakinka, manya za su yi magana."

Na kunna. Baffa ya ce, "Salamu alaikum."

Wallahi kafin in ƙifta ido, Bukar ya buɗe murya, "Wa alaikumus salam wa rahmatullah!"

Na zaro ido. Shi ma ya dafe baki. Sai Baffa ya ce, "Ina fatan kuna lafiya." Mutumin nan, hannunsa na kan bakinsa, ya ce, "Lafiya lau, Baffa." Dariya ta kusa kashe ni a kujera, amma ba halin yi, haka na cije hula har kaset ya kai ƙarshe.

Da muka fito na ce, "Wai ba kai ka ce a yi shiru ba?" Ya ce, "Dattijo ya yi sallama in ƙyale shi? Ai mu ba a daji aka raine mu ba." Ka ji Babarbare!

Daga nan ya cire kan batir, ya ɓalle murfin dashbod a hankali, ya zaro tsohon rediyon ya kwance shi a kan tabarma. Kaset ya fito, zarensa ya ɗan tattare a gefe, ya sa biro ya naɗe shi tsaf. Wayar kamfani ko ɗaya bai yanka ba, soket ya nemo ya haɗa sabon rediyon. Sai ya karkatar da sautin ya koma gefen da Inna ke zama, don na gaya masa kunnenta ya fara nauyi. Muryar kuma ya tura ta a memori, ya ce in dawo a sake ɗauka mai tsabta, babu bakinsa a ciki.

Ranar kasuwa na miƙa wa Inna kaset ɗinta, na kunna sabon rediyo ina ba ta haƙuri. Ta saurara. Da ta ji amsar Bukar sai ta ce in mayar baya. Ta sake ji.

Ta ce, "Kada ka sake a goge. Shekara da shekaru mutumin nan yana sallama a motar nan, kai ba ka taɓa amsa masa ba. Ga ɗan halak ya amsa."

Ƙullin man shanu ta ba ni in kai masa. Ya karɓa yana cewa ashe Fulani sun san haraji.

Ganina da shi na ƙarshe satin da ya wuce ne, na tsaya ya duba min kyamarar baya. Ya leƙo ta taga ya ce, "Ya Baffa? Har yanzu muna gaisawa?" Na ce kullum. Ya ce, "To ka ce wa Inna man ya ƙare."

Ɗazu na shiga na gaya mata. Ta yi salati, ta ɗauki mayafinta, ta ce in tada mota za ta je wa iyalinsa gaisuwa. Muna hawa titin Kazaure ta ce, "Kunna."

Baffa ya yi sallama. Bukar ya amsa. Wannan karon ni da Inna muka amsa tare da shi.

Allah ya jiƙanka, Bukar. Allah ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka makwancinka, ya dubi bayanka. Allah ya haɗa ka da Baffa a Aljanna ku ƙarasa gaisuwar.

Don Allah duk wanda ya karanta, kada ya wuce bai sa shi a addu'a ba. Mutum ne da ko sallamar kaset ba ya bari ta faɗi ƙasa.